Wane baƙin mai ya dace da tsohuwar a-kori-kurarka?

Duk mai tsohuwar a-kori-kura, ko Hilux ce irin ta da, ko Peugeot 504, ko L200, ko Datsun ɗin nan da har yanzu suke kwasar buhuna ranar kasuwa, ya san tambayar da mai shago yake fara jefo masa in yaje sayen baƙin mai: "Alhaji mai kauri za a baka ko?" Yawancinmu kuma sai muce eh kawo, ai motar ta kwana biyu. Wani ma har buɗe galan ɗin yake ya dangwala da yatsa ya murza, in yaji yana danƙo sai hankalinsa ya kwanta. Toh gaskiya wannan murzawar ba ta gaya maka komai game da abinda man zai yi a cikin inji, saboda kai kana taɓa shi ne a inuwar shago, shi kuwa aikinsa yana can inda zafi ya kai maki 100 ko ya wuce, kuma akwai man da zaka ji shi da kauri a hannu amma da ya ji wuta shikenan ya tsinke. Shekarun mota kaɗai basu isa su zaɓa maka mai ba. Irin injin da yake cikinta, da halin da injin yake ciki a yau, da irin aikin da kake sa ta, su ne zasu zaɓa.

Fara da sanin injin, kar ka tsaya a kan bodi. Motocin nan da yawa injin da suka fito dashi daga kamfani ya daɗe da mutuwa, an je Ƙofar Ruwa ko Panteka an ɗauko ɗan Beljiyam an ɗora, wani lokacin ma ba irin na farkon bane, zakaga bodin Hilux ta 1990 amma injin na wata motar ce daban wadda ta fito bayan shekara goma. Dan haka ka sa bakanikenka ya goge jikin injin ya nuna maka lambarsa, ka rubuta ka ajiye. A Hilux ta fetur zaka tarar da irinsu 22R mai kafireto, ko 3Y da 4Y, ko 1RZ da 3RZ, sai na baya-bayan nan 2TR wanda ya fara zuwa wajajen 2004 zuwa 2005. Na dizal kuma akwai 2L da 3L da 5L waɗanda mafi yawansu ba tobo, wato na'urar da take tura ƙarin iska cikin inji, sai 2KD da 1KD masu tobo. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya 1HZ ne mai silinda shida, L200 ta dizal 4D56. Ita kuwa 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki tun 1975, injinta tsohon zubi ne sosai, tsarin tun na ƙarshen shekarun 1960. In kana da littafin motar toh ka more, buɗe shafin mai ka duba, akwai jadawalin da ya nuna wane mai ake so a wane irin zafi. In babu, da lambar injin nan zaka iya nemo shi a intanet.

Sai lambobin da suke jikin galan, 20W-50, 15W-40, 10W-40, 5W-30. Mutane da yawa suna sayen mai shekara da shekaru basu taɓa tambayar me suke nufi ba. Ka dai san yadda manja yake yi da hunturu, ya daskare a kwalba sai an kai shi rana ko kusa da murhu kafin ya zubo, da bazara kuwa gudu yake, toh baƙin mai ma haka ɗabi'arsa take, sanyi ya ƙara masa kauri zafi ya tsinka shi. Lambar farko mai W a jiki tana gaya maka yadda zai gudana lokacin da injin yake a sanyaye, duk yadda ta yi ƙasa haka zai fi saurin kaiwa saman inji in ka tayar da asuba. Lamba ta biyu ita ce kaurinsa in injin ya ɗau zafi, ana auna ta ne a maki 100. Kaga kenan 15W-40 da 10W-40 kaurinsu ɗaya ne a kan hanya da rana tsaka, bambancinsu da safe ne kawai. Kuma wannan safen ba ƙaramin abu bane, domin kaso mai yawa na cin da ƙarfe yake yi wa ƙarfe a inji yana faruwa ne a daƙiƙun farko bayan ka murza makulli, kafin famfo ya tura mai ya kai ko'ina.

Yanzu ga tsofaffin injinan fetur, 22R, 3Y, 4Y, na 504, na Datsun da tsohuwar Nissan. Waɗannan a ƙasarmu 20W-50 ne nasu, kuma a nan mai shago bai yi kuskure ba. Tun asali an ƙera su da ɗan sarari tsakanin ƙarafuna fiye da injinan yanzu, ga shekaru sun ƙara buɗa sararin, metal ɗin da karanshaf yake juyawa a kai ya ɗan ci, ringi ya saki, ga zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Nguru da yake haura maki 40, ga lodi wanda dukkanmu mun san ya wuce abinda kamfani ya rubuta. A irin wannan hali siririn mai kamar 5W-30 zai riƙa sulalewa ta gefen metal, ƙarfin mai ya faɗi, ka tsaya a danja kaga jar fitilar mai tana ƙifta maka. Sanyinmu kuma bai kai inda 20W zai gagara tashi ba, ko a Jos. Akwai wani dalilin kuma da ba a cika faɗa ba: waɗannan injina kamshaf ɗinsu gogar tafet yake kai tsaye, ƙarfe a kan ƙarfe ba tare da ɗan gare ba, suna buƙatar wani sinadari mai zinki da ake zubawa a mai dan ya yi musu shimfiɗa. Siraran mayukan zamani waɗanda lambarsu ta biyu 20 ce ko 30 an rage musu wannan sinadarin saboda kare na'urar tace hayaƙi ta sabbin motoci, amma dokar ragewar bata hau kan masu 40 da 50 ba. In injin an sauke shi kwanan nan an yi masa sabon ringi da metal, bai shan mai bai hayaƙi, 15W-40 ma ya ishe shi, kuma zaka ji motar ta ɗan fi sakewa.

Amma in Hilux ɗinka mai 2TR ce, wadda yanzu itama ta shiga sahun tsofaffi tunda wasu sun kai shekara ashirin, dan Allah kar ka yi saurin ɗura mata mafi kauri dan kawai ta tsufa. Wannan injin yana da VVT-i, wato da ƙarfin mai yake juya lokacin buɗe bawul, man yana bi ta wasu ƙananan hanyoyi da wata 'yar raga mai ƙananan ƙofofi, mai kauri da datti basa shiri da wajen nan ko kaɗan. In lafiyarsa ƙalau 5W-30 ko 10W-30 yana yi, in ya yi tafiya mai nisa ya fara ɗan rage mai sai ka hau 10W-40 ko 15W-40. Ni a ganina 20W-50 a wannan injin sai in ya riga ya gaji sosai ana lallaɓa shi kafin a samu kuɗin sauke shi. Ka riƙa hawa mataki ɗaya ɗaya, kana duba geji, wato sandar auna mai, kar ka tsallake daga 30 zuwa 50 rana ɗaya.

Akwai kuma man nan da aka rubuta SAE 40 kawai, babu W babu lamba biyu, wanda ya fi arha kuma direbobin haya suka saba dashi. Zai yi aiki, iyayenmu dashi suka yi ta tafiya. Sai dai da sanyin safiya na Disamba da Janairu, lokacin da Kano da Zariya suke sauka ƙasa da maki 15, nauyi gare shi, yana ɗaukar lokaci kafin ya hau sama, wannan ƙarar kaf-kaf-kaf da kake ji na ɗan lokaci in ka tayar ita ce shaidar. A 22R ma sarkar taimin da ƙarfin mai ake ɗaure ta, kafin man ya iso tana nan tana dukan gefe. In aljihu zai iya, bambancin kuɗin bai kai abinda zaka kashe a sarka da kamshaf ba.

Dizal ne inda aka fi yin ɓarna, kuma nan nake so mai karatu ya nutsu. Injin dizal yana tara baƙin toka a cikin mai fiye da na fetur nesa ba kusa ba, shi yasa zakaga an yi juye yau gobe man ya koma baƙi ƙirin, wannan ba laifi bane, aikinsa kenan, ya kwashi tokar ya riƙe ta tana yawo har ranar juye maimakon ta kwanta a ringi da hanyoyin mai. Bayan toka akwai sulfa da yake cikin dizal ɗin kansa, in ya ƙone ya haɗu da danshi sai ya zama asid, asid ɗin ya gangara cikin mai yana cin metal a hankali, kuma mun daɗe a ƙasar nan muna shan dizal mai sulfa da yawa, balle wanda ake saya a jarka a bakin hanya da ba wanda ya san daga ina ya fito. Man da aka yi dan dizal an cika masa sinadaran wanki da masu kashe asid, na fetur zalla bashi da su da yawa haka. Toh ta ina zaka gane? Juya bayan galan ɗin ka nemi inda aka rubuta API, wato alamar da take nuna matakin man. In harafin da ya biyo baya S ne, kamar SL ko SM ko SN, na fetur ne. In C ne, kamar CF ko CH-4 ko CI-4, na dizal ne. Harafi na biyu kuma duk yadda ya yi gaba haka man ya fi zama na zamani, SL ta fito 2001, SM 2004, SN 2010, a ɓangaren dizal CH-4 ta 1998 ce CI-4 kuma 2002. Ga 2L, 3L, 5L, 1HZ, 4D56 har da su 2KD, abinda zan ce ka nema shi ne 15W-40 mai CH-4 ko CI-4, irinsu Rubia na Total ko Delvac na Mobil ko Rimula na Shell, kuma kamfanonin gida ma suna yin nasu, kai dai ka karanta bayan galan. Waɗannan matakan biyu an yi su ne da lissafin dizal mai sulfa, shi yasa suka fi dacewa damu. Zakaga wani galan an rubuta duka biyu, misali CI-4/SL, wannan zai shiga dizal zai shiga fetur, mai motoci biyu yana iya sayen shi ya huta. Wani kuma SL/CF ne, yawancin 20W-50 haka suke, asalinsa na fetur ne amma tsohon dizal mara tobo zai iya sha in babu wani, sai dai ka gaggauta juye. Wanda babu C ko ɗaya a jikinsa kar ya shiga injin dizal. Wanda kuma kaga an rubuta API SA ko SB, ko babu API ɗin ma gaba ɗaya, ajiye musu kayansu, SA kusan tsurar mai ne ba sinadari, an ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba.

Masu tobo ku ƙara da wannan: tobo hayaƙin inji ne yake juya shi, amma a kan man inji yake gudu kuma man ne yake sanyaya shi, yana gudun da ya wuce juyi dubu ɗari a minti, in ka dawo daga doguwar hanya ka kashe mota nan take man da yake cikinsa tsayawa zai yi ya soye ya zama gawayi. Barta tana aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

Kafin ka yanke shawarar ƙara kauri, ka binciki injin da kanka, ba sai ka zama bakanike ba. Da safe kafin a tayar, motar tana tsaye a waje mai daidai ba gangare ba, zaro geji ka goge da farin tsumma ka mayar har ƙarshe ka sake zarowa. Ka duba inda man ya tsaya tsakanin alamomi biyun, a yawancin motocin nan tsakaninsu kusan lita ɗaya ne. Ka kai hanci ka sansana. In kaji warin fetur, musamman a masu kafireto, toh fetur yana gangarawa cikin mai yana tsinka shi, wani lokacin ma zakaga man yana ƙaruwa maimakon raguwa, wannan ko wane irin mai ka zuba lalacewa zai yi, kafireto ko famfon fetur za a gyara. A dizal kuma nozul mai ɗiga ne yake haka. Sai ka buɗe murfin da ake zuba mai ka juya shi ka kalli cikinsa, ka haska fitilar waya cikin ramin. In ƙarfen yana nan launin ruwan zuma toh injin yana samun kulawa. In kaga baƙin abu mai kauri ya manne ya yi ɓawo, an daɗe ana wuce lokacin juye ko ana zuba jabu. In kuma kaga fari-fari mai kumfa kuma ruwan lagireto yana raguwa, ruwa ne yake shiga mai, gasket ɗin top silinda ya ƙone, kar ka ƙara ko kilomita ɗaya da ita. Bayan nan ka sa yaro ya tayar kai ka tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi da yake fitowa da farko sannan ya ɗauke, yawanci robobin bawul ne suka bushe, gyaran bashi da tsada sosai. Wanda kuma yake fitowa duk sanda aka taka totur, ringi ne. Mai kauri zai rage shan man kaɗan, eh, amma ba zai mayar da ringin da ya ci ba.

Jar fitilar mai kuma in ta fara ƙiftawa a tsaye bayan injin ya yi zafi, kar ka yarda da wanda zai ce a cire wayarta ko a zuba mai kauri kawai a gani. Kace a ɗaura agogon auna ƙarfin mai a wajen da suwic ɗin yake. A 22R misali Toyota ta ce a tsaye kada ya gaza 0.3 a ma'aunin kilo (kg/cm²), in an ja shi zuwa juyi 3,000 ya kasance tsakanin 2.5 da 5. In agogo ya nuna lafiya toh suwic ɗin ne ya mutu, abu ne mai arha. In ya nuna ƙasa, ko ragar famfo ta toshe ko famfon ya gaji ko metal ya ci, kuma gara ka sani yau da ace karanshaf ya tafi a tsakanin Funtuwa da Gusau da lodin masara a baya.

Maganar sintetik, wato man da aka haɗa ta hanyar sarrafa sinadarai, da ake ta cewa yana fasa tsohon inji, ba fasawa yake ba. Abinda yake faruwa shi ne yana da wanki sosai, sai ya wanke dattin da ya daɗe yana toshe sil ɗin da ya riga ya bushe, sai ɗiga ya bayyana a ɗora masa laifi. Mai ne mai kyau, ya fi jure zafi. Amma in motarka tana shan lita guda duk sati biyu kuma tana aikin ƙauye cikin ƙura, kuɗinka kawai zaka ƙona, gara minaral, wato man da aka saba dashi, mai kyau ko semi-sintetik ana juye shi a kan lokaci. Masu 2TR da 2KD masu lafiya su ne zasu ci ribar sintetik.

Abinda ya fi duk wannan lissafin kashe injina a wajenmu jabu ne, wallahi. Ka gama wahalar zaɓen lamba ka zaɓi API, a baka galan mai kyan gani amma abinda yake ciki tsohon mai ne da aka tace, ko tsurar mai mara sinadari da aka zuba wa kala. Ana tsintar galan ɗin manyan kamfanoni da aka yar a gareji a wanke a sake cikawa a manne murfi. Dan haka ka saya a gidan mai na kamfanin ko wajen dila da aka sani yana da shago tsayayye, ko da ya fi tsada da 'yan ɗaruruwa. Ka duba zoben murfi ko an taɓa karya shi, ka duba takardar da aka like a bakin galan, ka duba lambar bac da ranar da aka yi shi an buga su da inji ne ko kuwa suna gogewa da yatsa, na gida kuma ka nemi tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON. In farashi ya faɗi ƙasa da na kowa sosai, akwai dalili. Man da ake aunawa a kwalba daga durom a bakin titi, wanda ba suna ba lamba, ni bazan zuba shi ko a janareto ba. Kuma in ka kai mota juye ka tsaya a buɗe galan a gabanka, in an gama ka huda shi ko ka tafi dashi gida, kar ka barwa masu sake cikawa.

Sai 'yan gwangwanayen nan masu kauri da ake cewa tiritmen, bakanike yace "oga a ƙara mata guda ɗaya zata daina hayaƙi". Yawancinsu kauri kawai suke ƙarawa, hayaƙin ya ragu na ɗan lokaci, ƙarar ta lafa, ciwon kuma yana nan, da safe kuma man ya ƙara nauyin hawa. Mai mai kyau ya riga ya zo da duk sinadaran da yake buƙata a gwargwadonsu. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne wanke inji da kananzir ko dizal, a zuba a tayar a barshi yana aiki wai yana wankewa. A tsohon inji mai datti wannan ɓamɓaro ɓawon yake yi manya-manya su gangara su toshe ragar famfo, kuma duk mintunan nan metal yana gudu ba mai na kirki. In injin ya yi datti, hanyar da ta fi aminci ita ce ka zuba mai mai kyau ka juye da wuri, bayan kilomita 1,000 zuwa 1,500, sau biyu ko uku da sabuwar filta kowane karo, in ya yi muni sosai a kwance kaskon ƙasa a wanke shi da ragar da hannu.

Yaushe ake juye? Kar ka bi abinda aka rubuta na kilomita 10,000 ko 15,000, wannan lissafin sabuwar mota ne a titi mai kyau da mai mai tsabta. Tsohuwar a-kori-kura mai ɗaukar kaya a hanyar burji, da minaral, kada ta wuce 5,000, tsohon dizal mai aiki kullum cikin ƙurar hunturu ma in ka juye a 3,000 zuwa 4,000 baka yi asara ba. In mitar ta mutu, kamar yadda ta mutu a yawancinsu, ka yi lissafi da tafiyarka, Kano zuwa Kaduna da dawowa ya haura 400, ka ƙirga sawu nawa kake yi a wata, wajen sawu goma sha ɗaya irin wannan ya kai 5,000. Wadda take ajiye ba a cika hawa ba itama kar ta wuce wata shida, mai yana lalacewa ko ba a tafiya. Rubuta ranar da irin man a ɗan kati ka rataye ko ka ajiye a waya.

Kuma duk juye da sabuwar filta, banda wannan al'adar ta "ai filtar da sauranta, sai juye na gaba". Tsohuwar filta tana riƙe da tsohon mai da datti, in ta toshe kuma akwai bawul a cikinta da yake buɗewa ya bar mai ya wuce ba tacewa. Filta mai kyau tana da wata roba a ciki da take hana mai komawa ƙasa in an kashe mota, jabu bata da ita ko ta bushe, shi yasa wani lokacin daga canza filta sai kaji mota ta fara ƙara da safe. Filtar iska ma tana cikin maganar nan dumu-dumu, ƙurar da ta wuce ta yashi ce, tana shiga silinda ta ci ringi ta gangara cikin mai. Da hunturu ka riƙa ciro ta kana kaɗewa duk sati, in ta yage ko bakinta baya zama daidai a canza, ka duba hos ɗin da ya taho daga ita ko ya tsage.

Ranar juyen kuma a yi shi injin yana da ɗumi dan man ya fito da dattinsa, a barshi ya tsiyaye sosai ba a yi sauri a mayar da noti ba. Ka lura da yaron da yake ɗaura filta, ya shafa ɗan sabon mai a robar bakinta, ya tabbatar tsohuwar robar bata manne a jikin inji ba, ya ɗaure da hannu ba da sarka ba. Yawan man ya danganta da inji: 504 wajen lita 4, 22R huɗu da ɗan wani abu, 2TR ya haura 5, 2KD kusan 7, 1HZ kuwa wajen 10 yake sha, dan haka ka duba galan ɗin da ka saya na lita 4 ne ko na 5. Kar a juye duka a ce ai ƙari baya ɓaci, in mai ya wuce alama karanshaf yana dukansa ya yi kumfa, kumfa kuma bata riƙe ƙarfe, ga sil da zai fara ɗiga. A zuba, a tayar minti biyu, a kashe, a jira minti biyar a auna, sannan ka leƙa ƙasa ka ga ko filta ko noti yana ɗiga. Tsohon man kuma kar a zubar a kwata ko kusa da rijiya, kar kuma a shafa wa dabba ko mutum wai maganin ƙaiƙayi, guba ne a fata.

In tafiya ta kama ka a hanya geji ya nuna ƙasa kuma babu irin naka a garin, ka sayi kowane man inji na gaskiya da ka samu ka cika, 15W-40 a kan 20W-50 ko na wani kamfani a kan na wani duk suna haɗuwa, tafiya da ƙarancin mai ita ce take kashe inji. Sai dai ka tabbata man inji ne, banda man giya mai 80W-90 ko 85W-140, banda jan man sitiyari, banda 2T na babur. In dizal ce ka nemi mai C a jiki, in babu ka cika da wanda ya samu ka juye da ka isa gida. Ya fi sauƙi ka riƙa ajiye lita ɗaya ko biyu na irin naka a bayan kujera, ka riƙa zaro geji duk safiya kafin a fara lodi.